Babi na 7: Birkin Wane Gida Ne Wannan?

Akwatin katako ne aka ɗora a kan teburin gareji, cike da ƙarafa masu tsatsa, kowanne an naɗe shi da tsohuwar jarida da ta sha baƙin mai. Mai motar ya zuba kuɗi masu kauri ya saye shi a hannun wani ɗan gwanjo, saboda an rubuta a jikinsa da alli cewa cikakken birkin Sebring ne. Motar kuwa tana gefe bisa jak, ba taya ko ɗaya, ta zuba mana fitilunta biyu da suka fito zuru-zuru a saman bonet. Austin-Healey Sprite ce ta 1959, wadda Turawan Ingila ke kira mai idon kwaɗo, Amurkawa kuma su ce mai idon ƙwaro. Garejin yana wani ƙauye kusa da Coventry. Ni rakiya ce ta kai ni, kuma gaskiya alkawarin shayi da wutar jin ɗumi ne ya sa na yarda na fito cikin wannan sanyi.

Dattijon makaniken ko kallon rubutun allin bai yi ba. Ya zazzage akwatin, ya jera kayan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauko burushin waya da fensir da ma'aunin nan mai baki biyu da ake kira baniya. Mai motar duk ya ƙagu a fara ɗaurawa. Dattijon ya ce masa ya mayar da sifana inda ya ɗauko ta, yau ranar awo ce. Na tuna yadda a gida ba a ɗaura aure sai an binciki asali, sai na gyara zama.

Abin da ake son yi wa motar ba sabon abu ba ne. Daga masana'anta ta fito da birkin ganga a ƙafafu huɗu, wanda makanikanmu ke kira dirom, mai faɗin inci 7. Ana so a cire na gaban a sa na faifai, wato dis. An yi wa dubban motoci irinta wannan canji, kuma daga nan matsalar take. Motar tsere da ta shekara sittin da ɗoriya ta ratsa hannun mutane da yawa, kowannensu ya cire wani abu ya maƙala wani, galibi da daddare ana gobe gasa, da abin da ya samu a kusa. Takardar mota za ta gaya maka ranar da ta bar masana'anta. Abin da aka yi mata bayan nan kuwa, sai dai ka tambayi ƙarfen.

Sai an san yadda ake haɗa irin waɗannan motoci a Ingila ta wancan zamani kafin a fahimci rikicin. Galibin kamfanonin mota ba sa ƙera birkinsu da kansu. Gidaje uku ne suka riƙe sana'ar: Lockheed, wanda kamfanin Automotive Products ke yi a garin Leamington Spa, Girling, da ke ƙarƙashin kamfanin Lucas na Birmingham, sai Dunlop, wanda muka fi sani da taya, amma sashensa na kayan jirgin sama a Coventry ya ƙware a birkin faifai. Ita kanta Sprite tsince-tsince ce. Da aka fito da ita a watan Mayu na 1958 a kan fam 669, injinta mai cc 948 da ƙafafunta na gaba na Austin A35 ne, sitiyarinta na Morris Minor, ana kuma haɗa ta a masana'antar MG da ke Abingdon. Ƙananan masu ƙera motar tsere irin su Lotus da Lola da Elva ma haka suke yi, har sun fi. Ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba ta Triumph Herald, motar zuwa kasuwa da kai yara makaranta, ya shiga motocin tsere ba adadi. Saboda haka sunan da ke goshin mota bai cika gaya maka sunan da ke cikin ƙafarta ba.

A kan wannan ƙaramar mota kaɗai, duka gidajen uku sun bar sawunsu cikin shekara biyar. Birkin gangar da ta zo da shi na Lockheed ne. A watan Maris na 1959 gidan Healey na Warwick ya kai Sprite uku gasar awa 12 ta Sebring a jihar Fulorida ta Amurka, suka zo na ɗaya da na biyu da na uku a ajinsu, kuma birkin faifai na Dunlop ne a ƙafafunsu huɗu. Da jama'a suka fara neman irinsa, abin da aka sayar musu na Girling ne a gaba, shi ne kuma aka yi wa rajista da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, a 1960 da sunan Sebring Sprite, irin motocin da direban tsere John Sprinzel ya yi suna da su. Daga ƙarshen 1962, da aka ƙara injin ya koma cc 1098, masana'anta da kanta ta fara sa wa Sprite da 'yar'uwarta MG Midget birkin faifai a gaba, mai faɗin inci 8 da kwata, wannan karon na Lockheed. To, idan mutum ya ce maka yana da “birkin Sebring”, wanne yake nufi a ciki? Sau da yawa shi ma bai sani ba.

Me ya sa ma ake wannan wahala? Birki zafi yake sarrafawa. Aikinsa shi ne ya karɓi gudun mota ya mayar da shi zafi, sannan ya zubar da zafin kafin a sake taka shi. Mota mai nauyin kilo 700 da ke gudun kilomita 130 a awa, idan ta tsaya cak, zafin da ke fita ya isa ya kai ruwa fiye da lita ɗaya ga tafasa, kuma cikin 'yan daƙiƙu yake fita. A titin gari sau ɗaya za ka yi irin wannan tsayuwa ka huta. A Sebring, wanda tsohon filin jirgin saman soja ne mai dogayen miƙe da kwanoni masu kaifi, direba zai yi ta yi ne daga safe har dare. Ganga rufaffiya ce, zafi ba ya samun hanyar fita da sauri. In ta yi zafi kuma sai ta buɗe, ta yi nesa da takalman da ke goga ta daga ciki, feda ta riƙa nutsewa ƙasa, mota kuma ba ta tsaya ba. Faifai a fili yake, iska na dukansa ta ko'ina, kuma in ya kumbura don zafi, fad ɗin da ke matse shi yake ƙara kusanta. Jaguar ce ta nuna wa duniya wannan a Le Mans ta Faransa a 1953, lokacin da Tony Rolt da Duncan Hamilton suka ci gasar awa 24 da C-type mai birkin Dunlop, a matsakaicin gudun da ya haura kilomita 170 a awa. Ba ita ce ta fi kowa ƙarfin inji ba. Direbobinta dai suna iya jinkirta taka birki har su kusa shiga kwana, alhali sauran sun daɗe da ɗaga ƙafa. Shekara biyu bayan haka Mercedes, da ta tsaya a kan ganga, sai da ta ɗaura wa 300 SLR wani faffaɗan murfi a baya da ke miƙewa ya tare iska don ya taimaka wa birki. Zuwa 1956 Triumph TR3 ta fara fita kasuwa da faifan Girling a gaba.

Mu koma teburin. Dattijon ya fara da kalifa, wato ƙarfen nan mai kama da muƙamuƙi da ke cizon faifai. Ya ce tun daga nesa ana gane gidan da ta fito in an saba. Ta Dunlop ba ta ɓuya: silindoginta biyu dabam suke, kowace an ɗaure ta da noti huɗu a gefen wani ƙarfe mai kama da gada, ga kuma siririn bututu a waje da ke kai mai daga wannan ɓari zuwa wancan. Lockheed da Girling su ne masu ruɗa baƙo, don dukansu ɓari biyu ne na baƙin ƙarfe da aka haɗe. Amma duba bakin fistin. Girling ta kan sa masa rigar roba mai lanƙwasa don tare ƙura. Lockheed ta irin su Midget da MGB kuwa siririyar roba take sawa, ta danne ta da zoben ƙarfe, kuma fuskar fistin ɗinta tana da wani ɗan gurbi da aka zabge, wanda dole ya fuskanci inda littafi ya ce. Yadda ake riƙe fad ma ya bambanta: a Girling sanduna masu santsi da 'yan maƙalai, a Lockheed dogayen fil masu baki biyu da ake tanƙwarawa. Ya goge bayan ɗaya da burushi, suna ya fito ɓaro-ɓaro: Girling. Mai motar ya washe baki, don ai Girling aka ce na Sebring ne.

Murnar ba ta daɗe ba. Akwai lambobi a jikin kalifar, mai motar har ya fara karanta su yana neman su a waya. Dattijon ya ce kada ya ɓata lokacinsa. Lambar da ta fito tudu-tudu a jikin ƙarfe ta maƙerar da ta zuba shi ce, ta ɗanyen gangar jiki kafin a kai shi injin gyara. Daga zubi ɗaya ana iya fitar da ta hagu da ta dama, ana iya huda ramin noti a wurare dabam-dabam, ana iya yanka tiredi iri biyu. Lambar kaya ta ainihi, wadda ke cikin kundin 'yan kasuwa, sau da yawa a kwali take ko a ɗan guntun ƙarfe da aka rataya, kuma waɗannan sun ɓace tun zamanin da. Lambar zubi tana nuna dangi ne kawai, ba ta nuna ɗan wane ɗaki ba ne.

Sai ya hura iska ya fitar da fistin ɗaya, ya sa baniya. Milimita 48. Ya rubuta. A dangin Girling na motocin titi, faɗin fistin shi ne sunan yanka: samfurin 12 yana wajen milimita 43, samfurin 14 yana 48, samfurin 16 yana 54. Wannan ta 14 ce, irin wadda Triumph Spitfire ta ɗauka daga 1967, wadda kuma ke jikin wasu motocin Ford. Ya auna tazarar ramuka biyun da ake ɗaure ta da su, ya auna faɗin tsagar da faifai ke ratsawa, ya rubuta su duka. Sannan ya ajiye kalifofin biyu kusa da juna ya ce mu duba da kyau. Mun daɗe muna kallo kafin mu gani. Ɗan notin fitar da iska a gefe ɗaya yake a jikin duka biyun. Ashe dukansu na hagu ne. Iska sama take hawa a cikin mai, don haka wannan noti dole ya kasance a can ƙololuwa. In ka ɗaura ta hagu a dama zai koma ƙasa, ka kwana kana bilidin, feda ba za ta daina laushi kamar burodi ba.

Faifan da hob ɗinsu, wato cibiyar da ake ɗaure wili a kai, su suka ƙarasa tona asiri. Hob mai kusa huɗu sauƙin awo gare shi: daga tsakiyar wannan kusa zuwa tsakiyar wadda ke fuskantarta. Na Sprite inci 4 ne, wato milimita 101.6. Na akwatin suka ba da 95 da 'yan kai, inci 3 da kwata uku ke nan, awon Triumph Herald da Spitfire. Na Ford na lokacin 108 ne, na MGB da manyan Triumph 114.3. Wilin motar ba zai ma shiga waɗannan kusoshi ba, kuma wannan rahama ce, don kuskuren da ya ƙi shiga ba ya kashe kowa. Mai haɗarin shi ne wanda ya shiga. Wilin tsohuwar Golf mai rami huɗu da muka sani a titunanmu milimita 100 ne. Tsakaninsa da 101.6 bai kai kaurin ƙwayar gero biyu ba, zai zauna a hob ɗin Sprite, notuna su ɗauru, amma kowace kusa tana tanƙware kaɗan, kuma wata rana a tsakiyar kwana za ta gaji. Kama da wane ba ta wane.

A nan ne na fahimci abin da ya sa dattijon ya hana taɓa sifana. Kusan duk wani haɗari a wannan aiki daga abin da ya kusa daidai yake fitowa. Tiredin bututun mai shi ne misali mafi ban tsoro. Motocin Ingila na wancan zamani da awon inci aka yi su, kan bututunsu mai kaurin 3/8 na inci ne, da haƙora 24 a kowane inci. Daga farkon shekarun 1970 aka fara komawa awon mita, inda kan ya zama milimita 10, haƙori ɗaya a kowace milimita. Uku bisa takwas na inci milimita 9.5 ne, tazarar haƙoransa kuma 1.06. Ka ga ke nan na inci zai shige ramin na mita salin-alin, har ya yi kamar ya ɗauru. A gareji ba zai ɗiga ba. Sai ranar da aka taka birki da iyakar ƙarfi, ranar da aka fi bukatarsa, zai fice. Girling ta yi samfurin 16 a awon inci, ta kuma yi shi a awon mita, a ido kuwa kusan ba ka raba su. Tiyo biyun da ke cikin akwatinmu na mita ne, ba su da alaƙa da komai a teburin. Dattijon ya nuna mana gwajinsa: ya murza kan da yatsu kawai, in ya ji yana rawa a cikin ramin bayan zagaye uku ko huɗu, to ba gidansa ba ne. Bakin bututun ma iri biyu ne, akwai mai buɗewa kamar mazurari, akwai mai kumburi kamar kan albasa, kuma kowanne da irin mazaunin da yake rufewa a kai.

Abu ɗaya ne a akwatin ya faranta masa rai, guntayen aksul guda biyu, wato ƙarfen da hob ke juyawa a kansa. Waɗannan na Midget mai faifai ne na gaskiya, da kunnuwan da ake ɗaure kalifa a jiki. Na motar ganga ba su da kunnuwan, kinfin ɗinsu, wato sandar da ƙafa ke juyawa a kai in an karya sitiyari, ma ba ɗaya ba ne, shi ya sa canjin ba ya yiwuwa sai da su. Duk da haka bai yarda da su a ido ba. Ya wanke su tas, ya fesa wani jan ruwa, ya goge, ya bi da farin hoda. Bayan 'yan mintuna wani siririn jan layi ya fito a gindin ɗaya, daidai inda boris na ciki ke zama. Tsagewa ce. An ƙera wannan ƙarfe ne don ƙaramar mota mai siraran tayoyi, sai aka shekara da shekaru ana jibga masa faffaɗan tayar tsere. Ya jefa shi kwandon shara, ya ajiye ɗayan.

Da yamma ta yi, sai ya bar teburin ya zagaya wajen motar, ya buɗe bonet, ya nuna masta, wato silindar da feda ke turawa ta aika mai zuwa ƙafafu. Ni a zatona aikin duk a ƙafa yake. Ashe rabinsa yana nan sama, kuma nan ne mafi yawan masu canjin gida suke faɗuwa.

Birkin ganga yana taimakon kansa. Idan takalmi ya taɓa gangar da ke juyawa, juyawar ce ke ƙara jan sa ciki, kamar yadda ƙyaure ke ƙara cijewa in an cusa masa itace a ƙasa. A gaban Sprite takalman biyu duka haka suke aiki, kowanne da silindarsa. Faifai ba shi da wannan gata. Iya matsin da ka aika masa, iya cizon da zai yi. Don haka yana bukatar matsin mai fiye da na ganga, kuma hanyar samunsa tana ba mutane mamaki: ƙaramar masta ake sawa, ba babba ba. Mastar Sprite mai ganga faɗin raminta 7/8 na inci ne, ta mai faifai 3/4. Lissafin ba wuya. Fuskar fistin ta farko ta kai murabba'in milimita 388, ta biyun 285. Ƙarfin ƙafa ɗaya in ya taru a kan ƙaramar fuska, matsin ya ƙaru da kusan kashi 36 cikin ɗari. Wanda aka taɓa taka wa ƙafa da tsinin takalmin mata ya san wannan ilimi ba tare da ya shiga aji ba. Abin da ake biya shi ne feda za ta ƙara tafiya kafin ta kama. Wanda ya bar tsohuwar masta zai ji feda ta yi tauri kamar dutse, ya ɗauka birki ya yi kyau, alhali motar ba ta tsayawa yadda ya kamata. A waje kuwa mastocin biyu kamar tagwaye suke, kuma a wannan mota birki da kuloci gida ɗaya suke zaune, rami biyu a gangar jiki ɗaya, don haka in ka canza ta ka taɓa kuloci ma. Ya zare robar baya ya sa baniya: milimita 22 da ɗan ɗori. Ta asali ce, ta ganga.

Akwai kuma ɗan bawul da mastoci da yawa na zamanin ganga ke ɗauke da shi, wanda ke riƙe ɗan matsi a bututu ko bayan an ɗaga ƙafa, don robobin silinda su zauna a buɗe. Ganga tana da sifirin masu ƙarfi da ke janye takalma, ba ta damu ba. Kalifa ba ta da sifirin, robar fistin ce kawai ke ɗan ja da shi baya. In matsin da aka riƙe ya yi yawa, fad zai riƙa gogar faifai ana tafiya, ƙafa ta yi zafi, mai ya tafasa. Man birki na DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma yana shan danshin iska, kuma in ya sha, iyakar da aka yarda masa ta sauko zuwa 155.

Sai ƙafafun baya, waɗanda ba wanda ya yi niyyar taɓawa. Mota in ta taka birki nauyinta gaba yake zubewa, baya ya yi sakayau, shi ya sa gaba ke ɗaukar kusan kashi biyu cikin uku na aikin. Idan tayoyin gaba suka riga cijewa, mota za ta zarce miƙe, direba ya ɗan saki feda ya dawo da ita. Idan na baya suka riga, gindinta ne zai zagayo gaba kafin ya ankara. To ga shi ka ƙara matsin mai da kashi 36 saboda faifan gaba, kuma bututu ɗaya ne ke ciyar da gaba da baya. Gangar baya, mai taimakon kanta, ta samu ƙarin da ba ta nema ba. Injiniyoyin masana'anta sun san da haka, shi ya sa a motocin faifai suka rage silindar baya daga 7/8 zuwa 3/4, ragin da ya yi daidai da ƙarin. Na ji daɗin wannan lissafi ƙwarai. Mutanen da suka yi shi da fensir a 1962 sun riga sun warware matsalar, abin da ya rage wa na yau shi ne ya kwafe amsar gaba ɗayanta, kada ya ɗauki rabi.

Ra'ayina a nan, wanda na san wasu masu sha'awar ƙirƙira ba za su so shi ba, shi ne canjin da ya fi aminci shi ne wanda ba ka ƙirƙiri komai a cikinsa ba. Ka ɗauko tsarin mota ɗaya, na shekara ɗaya, daga feda har fad. Ana iya auren faifan wannan gida da kalifar wancan, mutane sun yi kuma ya yi aiki, amma wanda ya yi haka ya zama injiniyan birki ko ya shirya ko bai shirya ba, kuma shi zai fara gwada lissafinsa da wuyansa.

Tambayar ƙarshe da dattijon ya yi ba ta ƙarfe ba ce. Ya tambayi mai motar inda zai yi tsere da ita. Gasannin tsofaffin motoci da ke bin ƙa'idar FIA sau da ƙafa ba su yarda ka sa wa mota abin da ba a yi amfani da shi a irinta a zamaninta ba, kuma masu duba mota kafin gasa sun san kalifar Girling da ta Lockheed kamar yadda mai kiwo ya san shanunsa. Wanda ke son motarsa ta shiga a matsayin Sebring Sprite ta 1960, sai ya nemo Girling irin na lokacin, masu wuyar samu da tsada. Wanda zai yi wasan ƙarshen mako a ƙananan kulob, ko hawan tudu, yawanci faifan Lockheed na bayan 1962 ya ishe shi, kayansa kuma har yau ana ƙera su sababbi. Akwai ma masu barin gangar yadda take, su sa takalma masu jure zafi da sabon mai, don mota mai nauyin da bai kai kilo 700 ba ba ta cika wahalar da birki a gajeren tsere ba. In an zaɓi faifai, saura a tabbatar da irin wilin, domin mai waya irin na keke da na ƙarfe zalla kowanne da hob ɗinsa da faifansa, sannan a ɗaura wilin a juya shi da hannu a ji ko yana gogar kalifa, don inci 13 ba fili ne mai yawa ba.

Mai motar ya ce shi hawan tudu kawai yake so, sau uku ko huɗu a shekara. Aka tsayar da magana a kan Lockheed. Dattijon ya juya takardarsa ya rubuta abin da za a nemo: guntun aksul ɗaya da kinfin biyu, hob biyu, faifai biyu, kalifa ta hagu da ta dama, masta mai 3/4 da sandunanta, silindar baya biyu, tiyo masu tiredin inci. Ya kuma gargaɗe mu kada mu hura ƙurar tsofaffin gangunan da iska, a jiƙa ta a goge, don takalman wancan zamani da asbestos ake yin su, kuma sai a 1999 Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya.

Muka mayar da sauran kayan cikin akwati, aka goge rubutun allin, aka rubuta Triumph a wurinsa, ko Allah zai kawo mai Spitfire da ke neman kalifar hagu. A cikin duk abin da mai motar ya biya wa kuɗi, guntun aksul ɗaya ne ya hau motar.